Stu Ungar (1953-1998): Gwanin Karta Mai Karantar Zuciyar Abokin Wasa

Gabatarwa

Da aka buƙaci 'yan ajinmu kowa ya rubuto tarihin wani shahararren mutum domin wannan fitowa ta mujallarmu, mafi yawansu sun nufi sarakuna da malamai da marubuta, kuma hakan ya dace. Ni kuwa sai na ɗauko wani Ba'amurke ɗan karta mai suna Stu Ungar, wanda ya mutu tun shekarar 1998. Na san mai karatu zai tambayi abin da ya haɗa ɗalibin Hausa da ɗan cacar Amurka, saboda haka bari in fara da faɗin dalili.

A zangon karatun da ya gabata, abokina da muke kwana ɗaki ɗaya ya fara wani wasan karta na kuɗi a wayarsa ta hannu, wanda ake kira foka. Makonnin farko ya yi ta ci, har ya saya mana gasasshiyar kaza ranar wata Asabar. Da na yi masa magana, sai ya nuna mini cewa wannan ya bambanta da cacar ƙwallon ƙafa da ake dogara da sa'a. A ganinsa wasa ne na basira, kuma duk wanda ya iya karantar abokin karawarsa ba zai yi asara ba. A bakinsa na fara jin sunan Stu Ungar, domin shi ne gwaninsa. Kafin a fara jarrabawa, kuɗin makarantarsa da na abincinsa duk sun tafi. Wannan ya sa na nemi tarihin mutumin na karanta, don in ga ko da gaske ne iya karantar mutane yana hana asara. Abin da na samo shi zan gabatar a nan, ba don in kwaɗaita wa kowa caca ba.

Yadda ake wasan foka

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mai karatu ya san yadda wasan yake, ko da a taƙaice. Nau'in fokar da ya fi shahara a duniya shi ne wanda ya samo asali daga jihar Tekzas ta Amurka. Ana yin sa da kati 52. Mai rabo zai ba kowane ɗan wasa kati biyu a rufe, sannan ya baje wasu biyar a tsakiyar tebur a buɗe, waɗanda na kowa da kowa ne. Ba a baje su lokaci ɗaya: uku ne za su fara fitowa, sai ɗaya, sai kuma na ƙarshe. Kafin su fito da kuma bayan kowace fitowa, akwai zagayen zuba kuɗi. Idan wani ya zuba, wanda ke biye da shi yana da zaɓi uku: ya amsa da daidai abin da aka zuba, ko ya ƙara a kai, ko ya zubar da katinsa ya haƙura da abin da ya riga ya saka. Kuɗin da suka taru a tsakiya su 'yan wasa ke kira tukunya.

Hanya biyu ake cin tukunya. Ko dai a ƙarshe a buɗe kati a ga wanda haɗinsa na kati biyar ya fi ƙarfi, ko kuma mutum ya zuba kuɗin da za su tsorata kowa ya janye, sai ya kwashe ba tare da ya nuna abin da ke hannunsa ba. Ta nan burga ke shigowa, wato mutum ya yi kamar yana riƙe da babban kati alhali ba shi da komai. A nau'in da ake kira mara iyaka, ɗan wasa yana da ikon tura duk kuɗin da ke gabansa a kowane lokaci. Haka nan akwai bambanci tsakanin gasa da wasan kuɗi hannu. A gasa kowa zai biya kuɗin shiga a ba shi sulallan roba, wanda nasa suka ƙare ya fita. A wasan kuɗi hannu kuwa, kowane sulen roba kuɗi ne na gaske, kuma wanda aka cinye yana iya sake ciro wasu daga aljihu ya ci gaba.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Stuart Errol Ungar ranar 8 ga Satumba, 1953, a birnin Niyu Yok. Iyayensa Yahudawa ne, kuma ya tashi a unguwar talakawa da 'yan ci-rani da ke kudu maso gabashin Manhatan. Mahaifinsa yana da mashaya wadda a bayan fage gidan caca ce. Yana karɓar cacar wasanni, yana kuma ba da bashi da ruwa. Duk da haka bai so ɗansa ya bi sahunsa ba, domin ya ga yadda caca ta yi da masu zuwa wurinsa. Amma yaro ya riga ya buɗe ido cikin kati da lissafi. Yana ɗan shekara 10 ya ci wata gasar karta ta yankinsu.

A makaranta ma ba a bar shi a baya ba, don har an tsallakar da shi aji ɗaya saboda kaifin ƙwaƙwalwarsa. Sai dai a 1967 mahaifinsa ya mutu sakamakon ciwon zuciya, daga baya kuma mahaifiyarsa ta gamu da shanyewar ɓarin jiki. Stu ya bar makaranta yana aji na 10, ya koma gidajen karta na ɓoye yana nemo abin da iyali za su ci. Yana da shekara 18 ya haɗu da Victor Romano, wani dattijo daga cikin gungun masu laifi na birnin, wanda shi ma gwanin kati ne. Romano ya zame masa uba kuma garkuwa. Stu yana bukatar garkuwar ƙwarai, domin ɗan siriri ne gajere, ga shi da kaifin harshe. Idan ya cinye mutum sai ya bi shi da gori, kuma irin mutanen da yake cinyewa ba masu haƙuri ba ne.

Gwanin da ya rasa abokin wasa

Wasan da ya fara yin suna a kansa ba foka ba ne. Wani wasa ne na mutum biyu da ake kira jin rami. A wannan wasa kowa yana riƙe da kati 10, yana ɗaukar ɗaya yana yar da ɗaya, yana neman ya haɗa su iri-iri ko jeri-jeri kafin abokinsa. Duk katin da mutum ya ɗauka ko ya yar yana ba da labarin abin da ke hannunsa, ga wanda ya iya saurare. Ungar yana riƙe kowane kati da ya wuce a kansa, har ya kan iya faɗa wa abokin wasa abin da yake riƙe da shi kafin a kai tsakiyar wasa.

Zuwa 1976 ana lissafa shi cikin manyan gwanayen jin rami na Niyu Yok. Amma abin da ya ci a karta sai ya kai filin sukuwa ya zubar a cacar dawaki, har bashi ya yi masa katutu ya bar garin. Ya ɗan zauna a Mayami, sannan a 1977 ya isa Las Begas, cibiyar gidajen cacar Amurka.

Ya taɓa karawa da Harry Stein, wanda mutane da yawa ke ganin babu kamarsa a jin rami a wancan zamani. Ungar ya ci shi wasa 86 bai bar shi ya ci ko ɗaya ba. Daga nan Stein ya daina fitowa manyan wasanni. Sai dai wannan nasara ita ta toshe wa Ungar hanyar abinci, domin kowa ya guje shi. Ya yi ta ba da rangwame, har da barin abokin wasa ya leƙa katin ƙarshe na ƙasan tuli, da alkawarin mayar wa wanda ya ci wani kaso na kuɗinsa, amma masu amsa masa sun yi ƙaranci. Wasu gidajen caca ma sun roƙe shi ya daina shiga gasarsu ta jin rami, don mutane ba sa zuwa idan sun ji yana ciki. Haka aka hana shi wasan nan na ashirin da ɗaya a gidaje da dama saboda iya ƙidayar kati. Wani tsohon ɗan kasuwa zai ce a nan ya fara kuskure, domin mai hankali ba ya yanka kazar da ke yi masa ƙwai. Rashin abokin wasa shi ya tura shi ga foka.

Gasar duniya

A 1970 aka fara gudanar da babbar gasar foka ta duniya a gidan cacar Horseshoe na iyalan Binion a Las Begas. Kuɗin shiga babban zagayenta dala 10,000 ne. A 1980 Ungar ya shiga, yana sabon hannu a wannan nau'in wasa, cikin mutum 73. A ƙarshe ya rage shi da Doyle Brunson, tsohon hannu ɗan Tekzas wanda ya ci gasar a 1976 da 1977.

Hannun ƙarshe da suka buga yana da darasi. Brunson yana riƙe da A da 7, Ungar kuma 4 da 5 kawai. Kati ukun farko suka fito A, 7 da 2. Brunson ya samu tagwaye biyu ke nan, hannu mai ƙarfi sosai. Ungar ba shi da komai, sai dai idan 3 ta fito zai samu jeri na A, 2, 3, 4, 5, domin A tana iya tsayawa a matsayin 1. Brunson ya zuba kuɗi kaɗan don kada ya kori yaron. Ungar ya amsa. A bisa lissafi, samun 3 abu ne mai wuya, tun da guda huɗu ne kacal a tulin. Amma kuɗin da aka nema gare shi kaɗan ne, kuma ya fahimci cewa idan ta fito, Brunson ba zai iya sakin irin wannan hannu ba. Kati na huɗu ya fito 3. Brunson ya tura duk abin da ke gabansa, Ungar ya amsa, wasa ya ƙare. Ya karɓi dala 365,000 yana da shekara 26, mafi ƙanƙantar shekaru cikin waɗanda suka ci gasar zuwa lokacin. Saboda ƙuruciyar fuskarsa aka laƙaba masa suna Yaro. Brunson da kansa ya shaida cewa bai taɓa ganin wanda ke ƙara ƙwarewa ana tsakiyar gasa kamarsa ba.

A 1981 saura ƙiris a hana shi shiga, bayan ya tofa wa wani mai rabon kati yawu a fuska don haushin asara. Jack Binion ne ya roƙi mahaifinsa Benny aka bar shi. Ya sake cin gasar, inda ya doke Perry Green ya karɓi dala 375,000. A shekarar kuma ya ci wani zagayen na daban, ya ƙara wani a 1983. Haka nan ya ci babbar gasar da Amarillo Slim ke shiryawa, wadda ita ce ta biyu a daraja a lokacin, har sau uku: 1984, 1988 da 1989.

Yadda yake karantar abokin wasa

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni da ba a cikin Hausa aka haife ni ba, a bakin 'yan kasuwar Sabo na garinmu na fara tsintarta, kuma kafin kunnena ya buɗe, da fuska da hannu nake gane ko mai kaya zai rage ko ya kai ƙarshen farashinsa. Da wannan tunani na ɗauka cewa idon mutane Ungar yake kallo. Da na bi hannayen da ya buga, sai na ga ya fi dogara ga abin da mutum ya aikata tun daga farkon hannu zuwa ƙarshe. Kowane kuɗi da ɗan wasa ya zuba tamkar jimla ce a cikin labari, kuma Ungar yana duba ko jimlar ƙarshe ta dace da ta farko.

Misalin da ya fi shahara shi ne karawarsa da Mansour Matloubi, haifaffen Iran mazaunin Birtaniya, wanda ya ci gasar duniya a 1990. A farkon shekarun 1990 suka zauna su biyu, kowa ya ajiye dala 50,000, wanda ya cinye ɗan'uwansa ya kwashe duka. A hannun ƙarshe Ungar yana riƙe da 10 da 9. Kati ukun farko suka fito 3, 3, 7. Ungar ya zuba, Matloubi ya amsa. Na huɗu ya fito K, babu wanda ya zuba. Na biyar ya fito Q, sai Matloubi ya tura duk abin da ya rage masa, kimanin dala 32,000. Ungar bai haɗa komai ba. Bayan 'yan daƙiƙoƙi sai ya faɗa wa Matloubi cewa 4 da 5 yake riƙe da su, ko kuma 5 da 6, ya amsa kuɗin. Da aka buɗe, 4 da 5 ne. Da 10 ɗin nan kaɗai ya ci tukunyar.

Mai karatu zai ce duba ne ko tsafi. Bari mu bi labarin kamar yadda muke bin nassi a aji. Da Matloubi yana da 7, ba zai tura dukiyarsa duka ba bayan K da Q sun fito, tun da kowannensu ya fi 7. Zai so a buɗe kati cikin arha. Da K ko Q ce a hannunsa, da wuya ya amsa kuɗin farko lokacin da ba su fito ba. Da kuwa 3 ce, zai fi son ya zuba abin da za a iya amsawa don ya samu riba. Abin da ya rage shi ne mutumin da ya amsa da fatan cika jeri, katin da yake jira bai zo ba, ya ga ba shi da mafita sai burga. Ƙananan kati irin 4, 5 da 6 ne ke neman jeri a kan 3 da 7, kuma 10 za ta iya doke su. Wannan shi ne karatun: a cire duk abin da bai dace da labari ba, a tsaya a kan wanda ya rage, sannan a samu zuciyar sa kuɗi a kansa.

Ɗaya ɓangaren rayuwarsa

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutumin da ke ganin raunin kowa a tebur bai iya tsayar da nasa ba. Mahaifiyarsa ta mutu a 1979, kuma a wajen lokacin ya fara shaƙar hodar Ibilis, da farko don ya iya kwana da kwanaki yana wasa ba barci. Ba a daɗe ba ta zame masa jiki. Ya yi aure a 1982, aka haifa masa 'ya mace a shekarar, auren ya mutu a 1986. A 1989 ɗan matar tasa, wanda ya ɗauka tamkar nasa har ya ba shi sunansa, ya kashe kansa yana matashi. Wannan rashi ya ƙara dulmiyar da shi.

Kuɗi kuwa ba su taɓa zama a hannunsa ba. Bai yarda da ajiya a banki ba. Abin da ya ci a karta, inda ya fi kowa, sai ya kai cacar wasanni da dawaki da ƙwallon golf, inda basirarsa ba ta da wani amfani. Yana da kyauta ƙwarai, yakan biya wa abokai bashi ya kuma ba wanda ya ga yana cikin matsi, amma yana da wulaƙanta masu rabon kati idan ya yi asara.

A gasar duniya ta 1990, wadda Matloubi ya ci, Ungar yana cikin na gaba-gaba da tarin sulalla. Ranar wasa ta uku ba a gan shi ba. Da aka je ɗakinsa na otel sai aka tarar da shi a ƙasa a sume, ƙwaya ta yi masa yawa. Yana kwance a asibiti ana ta cire kuɗin dole daga sulallansa a kowane zagaye. Saboda yawansu, sai da ya zo na 9 ba tare da ya zauna a kujerar ba, aka ba shi sama da dala 20,000.

Dawowarsa a 1997

Zuwa 1997 bashi ya yi masa yawa, jikinsa ya lalace, har hancinsa ya lotsa saboda hoda. Ba shi da kuɗin shiga gasa. Ya kwana yana yawon nema, sai a ƙurarren lokaci tsohon abokinsa Billy Baxter ya biya masa dala 10,000, ya zama na ƙarshe da aka rubuta cikin mutum 312. Ranar farko gyangyaɗi yake yi a tebur, sai da wani abokinsa, Mike Sexton, ya yi ta ƙarfafa masa gwiwa. Daga rana ta biyu, bayan ya samu barci, ya koma Ungar na da. Yana sanye da tabarau shuɗi mai zagaye don ya ɓoye hancinsa, hoton 'yarsa kuma yana aljihunsa.

An yi zagayen ƙarshe a waje, a kan titin Fremont. Ya rage shi da John Strzemp. A hannun ƙarshe Ungar yana da A da 4, Strzemp yana da A da 8. Da duk kuɗi suka shiga tsakiya, Strzemp ne ke gaba. Katin ƙarshe ya fito 2, ya cika wa Ungar jeri na A zuwa 5. Ya kamata abokina ya lura da wannan wuri: ko gwanin gwanaye, a ranar da ta fi kowace girma a rayuwarsa, sai da sa'a ta tallafe shi. Ya ci dala miliyan 1, suka raba daidai da Baxter. Ya ɗaga hoton 'yarsa a gaban kyamarar talabijin ya sadaukar mata da nasarar. Shi da Johnny Moss kaɗai suka riƙe kambun gasar sau uku, kuma na farkon Moss, a 1970, zaɓarsa 'yan wasa suka yi.

Rasuwarsa

Cikin 'yan watanni rabonsa ya ƙare a hoda da cacar wasanni. A gasar 1998 Baxter ya sake yarda zai biya masa, amma ana dab da farawa ya ce ya gaji ba zai fito ba. Daga baya ya bayyana cewa halin da ƙwaya ta sa shi ne ya ji kunyar a gan shi. Watannin da suka biyo baya an riƙa ganinsa a ɗakunan karta yana roƙon rance wurin mutanen da a da shi ke ba su.

Ranar 20 ga Nuwamba, 1998, ya kama ɗaki a wani ƙaramin masauki mai arha da ake kira Oasis a Las Begas. Ranar 22 ga wata aka tarar da gawarsa a kan gado. Yana da shekara 45. Likitoci sun ce ciwon zuciya ne da shekarun shan ƙwaya suka haddasa. An samu kimanin dala 800 a jikinsa, su ma ragowar kuɗin da wani mai gidan caca, Bob Stupak, ya ba shi ne don ya shiga gasa. Ana ƙiyasta cewa ya ci kusan dala miliyan 30 a karta tsawon rayuwarsa, amma sai da aka yi karo-karo wurin jana'izarsa. A 2001 aka sa sunansa cikin jerin gwarazan foka, a 2003 aka yi fim a kan rayuwarsa, sannan a 2005 Nolan Dalla da Peter Alson suka fitar da littafin tarihinsa.

Foka ta koma intanet

A shekarar da Ungar ya mutu, ranar 1 ga Janairu, 1998, shafin Planet Poker ya fara raba katin foka na kuɗin gaske ta intanet. A 2003 wani akawu mai suna Chris Moneymaker ya samu kujerar gasar duniya ta hanyar ƙaramar gasa a PokerStars, ya doke mutum 838 ya ci dala miliyan 2.5. Daga nan matasan duniya suka yi ca a kan wasan, har masu shiga gasar suka kai 8,773 a 2006. Wannan guguwa ce ta biyo waya har ta iso ɗakinmu.

A intanet babu fuska, babu rawar hannu. Abin da ya rage shi ne irin karatun da Ungar ya yi wa Matloubi: nawa mutum ya zuba, a wane mataki, daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya yanke shawara, kuma me ya saba yi a irin wannan hali. Ta wannan fuska abokina bai yi ƙarya ba, akwai basira a wasan. Sai dai akwai abubuwa uku da bai sa a lissafi ba. Na farko, ƙwararru suna amfani da manhajojin da ke tara bayanin duk hannun da suka buga da mutum, su nuna sau nawa yake ƙari, sau nawa yake janyewa. Wanda yake zaton yana karantar wani, mai yiwuwa shi ake karanta. Kwamfuta ma ta riga ta wuce ɗan Adam a wannan fage, domin a 2017 wata manhaja mai suna Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu a hannu 120,000 na foka mara iyaka. Na biyu, masu shafin suna cire kasonsu daga tukunya, ko wa ya ci, saboda haka jimillar abin da 'yan wasa ke fita da shi kullum bai kai abin da suka shigo da shi ba. Na uku, wasan intanet ya ninka na tebur sauri, ba a rufe shi dare da rana, kuma ƙara kuɗi bayan asara danna waya ne kawai. Ungar sai ya fita ya nemo mai ba shi rance. Abokina yana kwance a kan katifa ya tura kuɗin makarantarsa.

Kammalawa

A wannan maƙala mun ga yadda yaron da ya tashi a mashayar mahaifinsa ya zama gwanin da ake gudu a jin rami, ya ci gasar foka ta duniya sau uku, ya kuma mutu a ɗakin haya da dala 800. Na tafi neman amsar tambaya ɗaya, ko iya karantar abokin wasa yana hana asara. Tarihin Ungar ya nuna cewa yana sa a ci tukunya, har da manya. Amma riƙe abin da aka ci, da sanin lokacin tashi daga tebur, wani ilimi ne daban wanda bai taɓa samu ba. Idan wanda ya fi kowa wannan baiwa ya ƙare haka, ina ga ɗalibin da ya koyi wasan wata uku da suka wuce?

Abokina ya ɗage karatunsa zuwa shekara mai zuwa. Sau biyu yana goge manhajar daga wayarsa, sau ɗaya yana mayar da ita. Ya san labarin 10 da 9 tun kafin ni, amma da na tambaye shi bai san labarin masaukin Oasis ba. Idan wannan mujalla ta fito zan kai masa kwafi ɗaya har gida. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.